Batirin Maman Ishaya

Bari in hutar da ku tun daga farko: a cikin wannan labari ni ne wawan. Kada wani yaro ya zauna yana karantawa yana jiran inda zan nuna wayo, babu wurin. Na yi sata, na yi damfara, na yi zaman gidan yari, kuma duk cikin ukun babu wanda na iya sosai. Bokona a aji huɗu na firamare muka yi sallama da shi, saboda haka in kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku, ni bayana ya gaji.

Kafin in lalace, mai gyaran rediyo ne ni a Samaru, bakin titi, ba nisa da ƙofar jami'a. Na daɗe a kan benci ɗaya har katakon ya ɗauki siffata. Abu biyu aka san ni da su: ba na tsawwala kuɗi, kuma ba na gama aiki ranar da na ce. Ba a taɓa kama ni da kayan wani ba, har ina alfahari da haka. Yanzu da na zauna na yi tunani, ban sani ba ko gaskiya ce gare ni ko kuwa kayan ne ba su kai a sace su ba. Tsohuwar rediyo mai tari, wa zai sace?

Sai wayar salula ta shigo gari. Ɗalibai suka daina kawo mini rediyo da kaset. Waya a hannun kowa, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama. Na tattara abin da nake da shi na sayi ƙaramin janareta, na kafa allo na jera masa soket, na koma Baba Mai Caji.

Ku yaran yanzu sai an yi muku bayani. A wancan lokacin ana buɗe bayan waya ne a zare batir a miƙa wa mai caji, shi kuma ya maƙala shi a wata 'yar caja mai haƙora, mai waya ya tafi da wayarsa a aljihu. Batura kuwa duk kamanninsu ɗaya, don haka kowa yake yi wa nasa alama. Wani ya liƙa salatif ya rubuta suna, wani ya karce da reza, 'yan mata su ɗiga jan farce. Da alamar kake karɓar naka. Babu mai duba batirin kansa, alama kawai ake dubawa. Ku riƙe wannan, nan ne Shaiɗan ya sami kujera a rumfata.

Na farko ba ma sata ba ce, in ji ni a lokacin. An shiga yajin aiki, ɗalibai suka watse, wani ya bar batirinsa bai dawo ba. Na ajiye, na ajiye, ranar da aka zo neman na saye na sayar. Sama ba ta faɗo ba. Daga nan sai idona ya fara rarrabe mai kyau da mai gajiya a kan allo, kamar mahauci a kasuwar shanu.

Gefen rumfata akwai wata mata da muke kira Maman Ishaya. Kirista ce, 'yar Wusasa, tana zaune a Hanwa. Mijinta malamin makaranta ne, ya rasu. Da ɗan abin da aka ba ta na sallamarsa ta sayi waya mai kyau, da babbar lema, da tebur da kujeru, ta fara sana'ar kira: wanda ba shi da waya ko ba shi da kati ya zo ya kira ya biya. Wayar nan ita ce tukunyarta, ita ce kuma kuɗin makarantar ɗanta Ishaya da ke karatu a jami'a. Ba ta da wani abu bayan ita.

Kullum da safe, kafin ta kafa lema, za ta kawo mini batirinta da kofin kunun gyaɗa.

"Baba, ga na aiki, ga na baki."

"Allah ya yi albarka, Maman Ishaya. Sukarin dai ya yi rowa yau."

"Likita ne ya aiko ni. Haƙoranka nawa suka rage?"

Batirin nan nata wanda ya zo da wayar ne daga kamfani. In ka ɗora shi a tafin hannu za ka ji nauyinsa, kuma caji ɗaya yake yini ana surutu a kansa. A gefensa ta zana ɗan ƙaramin gicciye da jan farce, alamarta ke nan.

Ana nan sai ga wani mutum ya fara zuwa daga Sabon Gari yana sayen matattun batura. Kowa Injiniya yake ce masa. Ya ce ya yi jami'a, jami'ar ce ba ta fahimce shi ba. Takalminsa kullum a goge, Hausarsa rabi Turanci. Wata safiya ya ɗauki na Maman Ishaya daga kan allo, ya auna a hannu, ya dube ni.

"Baba, kana zaune a kan arziki kana shan kunu."

Ya kai ni shagonsa a wani lungu bayan kasuwar Sabon Gari. A gaba ana sayar da rigar waya, a ƙurya kuwa buhu ne na batura da suka gama aiki, da naɗin sitika sababbi fil, masu ƙyalli, an buga musu lambar ƙarfi wadda ko na kamfanin bai kai ta ba. A ɗan tsikari matacce da wuta ya farfaɗo, a ɓare tsohuwar riga a sa masa sabuwa, wanda cikinsa ya kumbura a danne shi ya kwanta, a sa a leda a liƙe. Injin gwajinmu kuwa harshena ne. In na ɗora haƙoran batir a harshe na ji ya ɗan cije ni, sai in ce, "Wannan da sauransa." Shekarun da na yi ina gyaran rediyo, ƙarshen iliminsu ke nan.

Injiniya ya ce abu ɗaya ya rage mana: batir na gaske guda ɗaya tak, wanda za a riƙa nunawa. Ba na sayarwa ba, na nuni. Na san wanda yake nufi. Na ce masa matar nan maƙwabciyata ce. Ya ce ai ba ƙwace mata za mu yi ba, musanya ce, za ta tafi da batir a hannu. Na yi kwana biyu ina ƙi, don a rubuta cewa na ƙi.

Na je kantin kayan kwalliya na sayi jan farce. Mai kantin ta dube ni, ta dubi gemuna.

"Baba, na Hajiya ne ko naka?"

"Na ofis ne," in ji ni.

Haka na zauna a bayan janareta, tasbaha a wuyan hannuna, ina zana gicciye a jikin jabun batir, ina gyarawa don ya yi daidai da nata. Da ta zo karɓa ta dubi alama, ta ce na gode, ta tafi.

Nata na gasken na sa masa suna Liman, saboda shi ke tsayawa gaba, sauran suna baya, kuma ba lallai abin da yake yi suke yi ba. Na so in kankare gicciyen da ke jikinsa, Injiniya ya riƙe hannuna.

"Bar shi, Baba. Za su ɗauka tambarin kamfani ne."

Ranar da na yi musanyar, ko azahar ba a yi ba na ji wani mutum a ƙarƙashin lemarta yana ta "Halo? Halo? Inna?" Wayar ta mutu ana tsakiyar gaisuwa. Ta zo da batirin a hannu.

"Baba, anya batirina bai fara tsufa ba?"

"Komai yana tsufa, Maman Ishaya. Dube ni."

Ta yi dariya. Washegari ta kawo kunu. Wallahi da ta zage ni ranar da na fi samun sauƙin abin daga baya.

Sai maganar intanet. Injiniya ya ce kasuwar Zariya ta yi mana kaɗan. Akwai wani shafi da mutane suke tallan kaya, ɗalibai suna shiga kafe su biya kuɗin awa su duba. Ya zo da kyamara ya ce in riƙe Liman.

"Hannun dattijo yana sa a yarda. Ɗaga shi kaɗan. Yawwa, kada ka cire zoben."

Ina da wani zoben azurfa da dutsensa ya fita tuntuni, da baƙin farce a babban yatsa inda guduma ta taɓa gaishe ni. Duk suka fito raɗau. Da ya kai ni kafe na ga hannuna a kwamfuta, sai da na gyara hula. Ni da ban gama firamare ba, ga hannuna ana kallo har Legas. Ban tambayi kaina ba me ya sa shi Injiniya, mai hannu sumul, bai sa nasa ba.

Ya ba ni wani layin waya daban ya ce na ofis ne, lambarsa ce a jikin tallar. In an kira ni ke ɗauka, ni ke rantsuwa. "Wallahi orijinal ne, shi ka gani a hoto." Mai saye ya kankare katin waya ya tura lambobin ga Injiniya, ni kuma in kai kaya tasha a ba direba, ko in ba ɗan acaɓa in a cikin gari ne. Murya tawa, hannu nawa, rantsuwa tawa. Abin da ake turawa, nasa. Yana ɗan yaga mini, ni kuwa ina ganin na zama ɗan kasuwar zamani.

Duk wannan lokaci ina kallon lemar Maman Ishaya tana yin shiru. Wa zai biya kuɗin kiran da zai yanke a tsakiya? Masu kira suka koma wata lema can gaba. Takan kawo batirin sau biyu, sau uku a yini, in caja mata, ya ɗan yi numfashi ya sake kwantawa. Kunun ya fara zuwa ba madara, daga baya ba sukari, amma bai daina zuwa ba. Liman kuwa yana aljihun rigata na gaba, yana dukan ƙirjina duk inda na juya.

Wata rana layin ofis ya yi ƙara. Ina ɗauka na gane muryar. Ishaya ne. Yaro mai hankali, in ya zo wucewa har rusunawa yake ya gaishe ni. Ya ga na kasuwa duk jabu ne, shi ne ya ce bari ya nema wa uwarsa na gaske a intanet, da kuɗin da ya tara na littafi. Na toshe hancina da yatsa biyu na canza murya.

"Don Allah, Oga, ka tabbata mai kyau ne? Na mamana ne, da shi take sana'a."

"Wallahi orijinal ne," in ji ni, ta hanci.

Yara, nan ne wurin. In kuna neman inda mutum yake da ƙofa a buɗe ya ƙi fita, ga shi. Batirinta yana aljihuna. Da na sa shi a leda na ba ɗan acaɓa, da ta sami kayanta, da yau ba ku da abin karantawa. Na yi tunanin haka, ba zan ce ban yi ba. Sai na tuna in babu Liman babu nuni, kuma me zan ce wa Injiniya? Na shiga buhu na zaɓo wanda ya fi cizon harshe, na ce ai na kyauta musu. Ɗaya ne daga cikin masu kumburin da muka danne.

Washegari sai ga uwa da ɗa a rumfata, Ishaya yana murmushi.

"Baba, ka ga na gaske! Daga intanet. Caja mana shi da kyau."

Na maƙala shi. Da na zo cirewa sai da na saki, don zafi. Na hura masa iska kamar dankali, na goga a riga, na miƙa mata. Na bar ta ta tafi da shi.

Da la'asar ne. Tana danna wa wata ɗaliba lamba sai wayar ta fara huci, hayaƙi ya fito ta bayanta, wani wari mai ɗaci ya tashi. Ɗalibar ta yi tsalle ta bar wurin. Kowa yana ihu, "Jefar! Jefar da ita!" Ba ta jefar ba. Ƙoƙari take ta buɗe bayan ta zare batirin ta ceci wayar, don ta san abin da wayar take a gidanta. A hannunta wutar ta tashi.

Ni na tare motar da ta kai ta asibiti a Shika. Har da ni a masu cewa, "Allah ya isa ga masu sayar da jabu." Na faɗa da ƙarfi ma, don a ji.

Ishaya ya koma kafe ya sa aka buga masa tallar a takarda zai kai wa 'yan sanda. Ya nuna wa uwarsa a gadon asibiti. Ni ban san wannan ba sai ranar da suka tsaya a gaban rumfata, ita da shi da 'yan sanda biyu, hannunta a naɗe da bandeji har gwiwar hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, miƙo hannunka."

Na miƙa. Ta ajiye takardar a gefensa. Ga zobe mara dutse, ga baƙin farce, hannun da take sa wa kofi kullum safiya. Ga kuma ɗan gicciyenta a gefen batir, tambarin kamfani in ji Injiniya. Aka laluba aljihuna aka zaro Liman, aka zaro layin ofis. Kwalbar jan farce ma tana ƙarƙashin benci, ko jefar da ita ban yi ba, don na ga da saura.

Na kai su Sabon Gari. Shagon a buɗe, babu ko leda. Maƙwabta suka ce ai Injiniya ba ya daɗewa wuri ɗaya. A kotu alƙali ya tambaye ni sunan abokin aikina.

"Injiniya, ranka ya daɗe."

"Injiniya wa?"

"Injiniya kawai."

Har magatakarda sai da ya sunkuyar da kai yana dariya. Wasu da muka aika wa kaya suka ji labari suka zo, kowa da kumburarren batirinsa a leda. Duk muryata suka sani.

Gidan yari ba zan ba ku dogon labarinsa ba, don babu labari a ciki. Rana ɗaya ce ake ta maimaita maka ita har ka tsufa. Gabza, kwarkwata, sanyin siminti da ya shiga gwiwoyina bai fita ba har yau. Yaran da suka girme ni a laifi amma na haife su a shekaru suna kirana Baba Orijinal. 'Ya'yana kunya ta hana su zuwa, ban kuma ga laifinsu ba. Abin da ya fi damuna shi ne safiya. Lokacin kunu yana yi sai in ga hannun nan a naɗe.

Na fito na tarar an ba wani wurina, janareta an sayar. Na tuba, kuma ba tuban baki ba, don ba ni da sauran ƙarfin da zan yi na baki. Yanzu ina zama a gefen shagon wani mai gyaran waya, ina share masa wuri, in yara sun zo da batir sukan ce, "A nuna wa Baba."

To ga abin da zan gaya muku, tunda na biya kuɗin makarantarsa da shekaruna. Hoto ba kaya ba ne. Abin da kuka gani a intanet Liman ne, yana aljihun wani tsoho, ba zai zo gidanku ba. In mai sayarwa ya ce ku tura kuɗi kafin ku taɓa kaya, ba shi da shagon da za ku same shi gobe, sunansa kuma Injiniya kawai, ku rufe shafin ku tafi ku sha ruwa. In kuka ga araha ta yi yawa, lambar ƙarfin da aka rubuta kuma ta fi ta kamfanin da ya yi wayar, to ni na san ɗakin da ake buga irin wannan lamba. In kaya ya iso, ku auna shi a hannu da tsohon naku, jabu yakan yi shafal. Ku dubi rubutun, ku dubi bakin sitika ko akwai wata a ƙasanta. Ku ajiye shi a kan tebur ku murza, in ya juya kamar katantanwa cikinsa ya kumbura, kada ya kwana a wayarku. Wanda ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa a wurin caji, ba ƙarfi ba ne, gargaɗi ne. In kuma ya fara hayaƙi, ku jefar. Waya ana sayen wata. Rantsuwa kuwa kada ta ruɗe ku, ni da hanci a toshe ma na yi ta.

Ku kuma masu zama a bayan allo, da aka ba ku amanar kayan mutane: ba da buhu ake farawa ba. Da batir ɗaya ake farawa, wanda mai shi bai dawo ba.

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in je Hanwa. Na same ta a bakin titi tana sayar da kunu da zoɓo a robobi. Yatsu biyu na hannun damanta sun lanƙwashe ba sa miƙewa, da hagu take ba da canji. Ishaya, na ji, sai da ya ajiye karatu ya yi aikin kafe kafin ya koma ya ƙarasa a baya ga sa'o'insa. A kan teburin na hango Liman. 'Yan sanda sun mayar mata da shi, babu wayar da zai shiga, shi ne take danne ledoji da shi kada iska ta kwashe.

Na durƙusa, gwiwoyin suna ƙara. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta bar wa Allah tuntuni, in tashi kada mota ta taka ni a ce ita ce. Ta zuba kunu a kofi ta turo mini. Da sukari.

To ku ga halin wawa. Da na ji kunu ya sauka, sai bakina ya buɗe. Na ce mata yanzu fa na zama malami, yara har layi suke in duba musu. Na ɗauko Liman na ɗora a tafin hannu, na fara yi mata karatu: in za ki sake saye, Maman Ishaya, ki auna nauyi, ki dubi rubutu, ki murza shi a tebur, ta haka ake gane na gaske da jabu.

Ta miƙo hannun hagu ta karɓe batirin, ta mayar da shi kan ledojinta.

"Baba, ni batirina a hoto ma na gane shi. Kai ne nake gani ido da ido kullum safiya ban gane ba. Shanye ka ba ni kofina."